Yatsu Biyu da Ɓerayen Likita

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan sayi takarda in zauna, sai tsoro ya kama ni. Kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Kada in ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Kada masu ilimi su karanta su ce wa ya aiki lebura shiga zancen likitoci. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma a can ƙasarmu Nijar na yi ta, inda muke ce mata lakwal. Don haka duk inda na kauce a gafarce ni. Sunayen mutanen ma na sauya su, saboda ban nemi izinin kowa ba.

Na shigo Kano ne bayan babban farin nan da ya cinye mana gero da dabbobi, daga wani ƙauye a yankin Maraɗi. Wurin da na fara sauka Challawa ne, kuma tun kafin in ga kamfanonin fata hancina ya riga ya gaishe su. Mutanen wajen ba sa jin warin. Ni kuwa na yi kwanaki ina jin sa har a cikin koko.

Ba ni da takardar komai, kuma kamfani ba ya ɗaukar baƙo haka kawai. Sai aka haɗa ni da wani ɗan gari mai suna Sale. Yana da katin aiki a wani kamfanin jima, amma hankalinsa ya koma kasuwa. Ya ce in riƙa shiga da katinsa, in wata ya ƙare mu raba albashi. Ya ce kowa haka yake yi, heluma, wato shugaban leburori, ma ya sani. Na yarda, amma raina bai taɓa kwanciya ba. Kullum da safe idan heluma ya kira "Sale!" sai in amsa, sannan in yi istigfari a ɓoye, don ni Hamisu ubana ya raɗa mini. Abokan aiki kuwa Ɗan Faranshi suke ce mini, haka ake kiran mutanenmu a lokacin.

An sa ni a injin da ke kankare nama daga jikin fata. Wani dogon ƙarfe ne mai wuƙaƙe yana juyawa, kai kuma kana miƙa masa jiƙaƙƙiyar fata kana ja. Wata rana fatar ta zame, na kai hannu in kamo ta, injin ya kama ni a hannun dama, sama da wuyan hannu kaɗan. Ban ji zafi ba a lokacin. Na dai ga jini yana bin rariya tare da ruwan jima.

A asibiti aka ɗinke ni, kuma sun yi aiki mai kyau, Allah ya saka musu. Sale ya zo duba ni da lemo a leda. Ya yi mini sannu, ya gyara mini matashi, ya ɗauki rigata da ke rataye ya ninke ta. Sai bayan ya tafi na gane ninkin da ya yi, katinsa ya zare daga aljihu. Da na warke na koma kamfani, aka ce Salen da suka sani ga shi can yana aiki lafiyarsa ƙalau, ni kuma ba su san ni ba. Ban yi gardama ba. A ƙa'ida gaskiya suka faɗa.

Raunin ya rufe, ya bar tabo fari. Na ɗauka an gama. Ashe a nan aka fara.

Ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka mutu. Ko allura ka soka ba na ji. Amma kuma su ɗin nan da ba sa jin allura, su ne suke ci da wuta ba dare ba rana, kamar an tsoma su a tafasasshen mai. Gefen tafin hannu kuwa, inda ji bai mutu duka ba, ko hannun riga ya shafe shi sai in ji kamar an yanka da reza. Idan iska ta kaɗa sai in ɓoye hannun a hammata. Ruwan alwala ya zama abin da nake tsoro tun kafin a kira salla. Na tambayi wani malami, ya ce in shafa kawai, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Na tambayi na biyu don in tabbatar. Na tambayi na uku, shi ya ce mini, "Malam Hamisu, ciwonka biyu ne, na hannu da na wasiwasi."

Daga Challawa na koma Sharada, inda na samu gadin rana a ƙofar wani kamfanin takalman roba. Muna haya ɗaki ɗaya da wasu mutanen ƙasarmu, muna cin abinci a tire ɗaya. Sai dai ni na koma ci da hagu, kuma kowa ya san yadda ake kallon mai sa hagu a abincin jama'a. Gaisawa ma ta gagare ni. Mutum ya miƙo hannu, ni kuma in dafe ƙirji in ce a yi haƙuri. Wasu suka ce girman kai ne. Wasu suka ce wata sabuwar aƙida na shiga.

Ranar da abin ya lalace, ina dafa mana shayi ne. Ƙaramin yatsan ya kwanta a jikin butar, ban sani ba, sai da wani ya ce yana jin ƙauri. Ya yi bororo babba. Suka kalli yatsan, suka kalli juna. Yatsun sun riga sun fara lanƙwashewa, naman gefen hannun ya zube. Wanda ya fi mu shekaru ya yi gyaran murya ya ce, "Hamisu, ba don komai ba, amma ka san alamar mene ne mutum ya ƙone bai ji ba."

Washegari na tarar an ware mini kwano da moɗa.

Na je asibitin kutare da ƙafata. Suka duba ni ko'ina, suka ce ba kuturta ba ce. Na dawo na faɗa, aka ce alhamdu lillahi, amma kwanon bai koma cikin 'yan'uwansa ba. Ban ga laifinsu ba, kowa yana tsoron jikinsa. Ni kaina da nake ci ni kaɗai sai in riƙa tunani, to idan ma'aikatan asibitin ne suka yi kuskure fa?

A wannan lokacin ne kewar gida ta fi damuna. Ina zaune a bakin ƙofar kamfani, ma'aikata suna wucewa a kan kekuna, ni kuma ina ganin innata tana sheƙar gero a tsakar gida. Duk wanda zai tafi gida nakan ce ya gaya mata ina lafiya, aiki ne ya yi yawa. Wannan ma ƙarya ce da nake yi wa istigfari. Amma da wane ido zan koma, hannun da zan riƙe hauya ba ya iya riƙe ludayi?

Magani kam na nema. A asibitin gwamnati likita ya duba tabon ya ce rauni ya warke sarai, ya ba ni ƙwayoyin ciwon kai. Da na koma karo na biyu ya ce ciwon a raina yake. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, don an ce iska ce ta shiga ta bakin raunin. Wani tsohon wanzami a Sharada ya yi mini ƙaho, ya yi tsaga, daga baya ya yi sakiya da jan ƙarfe. Kowanne sai ya ƙara wa wutar itace. A ƙarshe na ce masa, "Baba, ku cire mini su kawai. Tunda a cikinsu ciwon yake, idan babu su ai babu shi."

Ya ajiye askarsa ya ce, "Ɗana, ni yatsa na shida nake cire wa jarirai. Waɗanda aka halicce ka da su ba na taɓawa. Je ka nemi wani."

Garba direba shi ya fitar da ni daga Sharada. Yana jan babbar motar wani kamfanin abincin kaji da ke Bompai, yakan biyo ta ƙofarmu idan zai je ɗaukar buhunan roba. Ranar farko ya miƙo mini hannu, na dafe ƙirji kamar yadda na saba.

Ya ce, "Kai, Ɗan Faranshi, hannun na zinariya ne, ko sai an cika takarda ake taɓa shi?"

Na yi masa bayani a taƙaice. Ya ce, "To ba ni hagun, ai ita ma Allah ya yi ta."

Mutum ne mai surutu da tsokana, ba ya iya ganin abu bai yi masa suna ba. Shi ya yi mini hanya a kamfaninsu, wannan karon da sunana na gaskiya. Aikina jan marfin bututun da abinci ke zubowa cikin buhu, aikin da hagu ta isa. Ranar da na fara, da aka tashi cin abinci na ɗauki kwanona na koma gefe. Sai ga Garba ya zo ya tsuguna ya tsoma hannu a ciki.

Na ce, "Malam Garba, wasu suna cewa..."

Ya ce, "Na ji abin da suke cewa. In kuturta ce mu yi tare, dama na gaji da tuƙi. Matso da miyar nan."

Na sunkuyar da kai na yi kamar barkono ne ya sa ni hawaye.

Amma alherin Garba bai kashe wutar ba. Shekaru sun tafi, ciwon yana nan. Na rame, barci ya ƙaurace mini. Sai aka nuna mini wani mai kemis a bayan rukunin kamfanonin. An ce ya taɓa aiki a ɗakin tiyata na wani asibiti, kowa Dakta yake ce masa. Yana da ɗan ɗaki a bayan shago, da gado mai shimfiɗar leda. Ko duba hannun kirki bai yi ba ya ce, "Ƙaramin aiki ne. Allura ɗaya, in cire biyun, ka koma gida ka yi barcin da ka shekara ba ka yi ba." Muka sa ranar Asabar ta sama.

Garba ya ce, "Mutumin nan shara yake yi a asibitin, ni na san shi. Yau yatsa, gobe ya ce kawo hannun."

Na ce, "Kai ba ka san abin da nake ji ba."

Sai ya ce, "Gaskiya ne. Ban sani ba."

Ana saura 'yan kwanaki, wani dogon mutum ya shigo kamfaninmu da ƙaramar mota. Daga jin Hausarsa ɗan Barno ne. Ya ce abinci yake so a matse masa ya yi tauri, ba gari irin na kaji ba. Heluma ya tambaye shi na wace dabba ce. Ya ce na ɓeraye. Duk ma'aikatan sito suka kwashe da dariya. Garba ya ce, "Ranka ya daɗe, mu muna sayen guba muna sa musu, kai kana saya musu abinci? Shigo ka kwashi namu kyauta, har na biya maka kuɗin mota!"

Mutumin ya yi dariya tare da mu. Ya ce shi likita ne, yana koyarwa a wata babbar makaranta, ɓerayen na bincike ne. Yana tsaye kusa da bututuna ana cika masa buhu, sai na ga idonsa a kan hannuna. A lokacin nakan naɗe shi da tsumma, in riƙe shi a ƙirji kamar jariri.

Ya ce, "Malam, me ya sami hannun?"

Na ce inji ne, amma ya daɗe da warkewa.

Ya ce, "Yana ƙuna?"

Duk likitan da na gani tambaya yake ko yana ciwo. Ba wanda ya taɓa cewa ƙuna.

Ya ci gaba, "Kuma wurin da ke ƙunar, idan aka soka allura ba ka ji. Riga tana damunka. Ruwan sanyi yana damunka. Idan ranka ya ɓaci ya fi tashi."

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Ya ce in kwance tsumman. Bai taɓa yatsun ba. Ya bi tabon a hankali da kan yatsansa, ya tsaya a kan wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, ya ɗan ƙwanƙwasa. Wani abu kamar lantarki ya tsarga har ƙarshen ƙaramin yatsana. Na yi ƙara, na ja da baya.

Ya ba ni haƙuri, sannan ya ce, "A ina na taɓa ka?"

Na nuna tabon.

"A ina ka ji?"

Na nuna yatsan.

Kafin in ce komai Garba ya tona mini asiri. "Likita, ranar Asabar zai kai su a yanke."

Fuskar likitan ta canza. Ya ce, "Ba zan hana ka ba, hannunka ne. Amma kafin Asabar ka zo ka ga ɓerayena."

Da yake buhunan sun fi ƙarfin motarsa, aka ce Garba ya kai masa, ni kuma na roƙi heluma ya bar ni in bi shi a matsayin mai sauke kaya. Tafiya ce mai ɗan nisa a wajen Kano. Duk hanya ina ta saƙe-saƙe. Idan ni ma so yake ya yi bincike a kaina fa? Idan ya gano ba ni da takardar zama ya kira hukuma fa? Garba ya ce, "In ya sa ka a keji zan riƙa kawo maka abinci, ai mu muke yin sa."

Ɗakin ɓerayen yana bayan makarantar, tsaf da shi, ya fi ɗakin da nake haya tsafta. Ban taɓa ganin farin ɓera ba sai ranar, fari fat, ido ja. Yawancinsu suna ta harkarsu. Amma a wani layi na ga wasu sun ɗage ƙafar baya ɗaya, sun dunƙule ta a jikin ciki, ba sa yarda ta taɓa ƙasa. Na dubi yadda suka riƙe ƙafar, na dubi yadda na riƙe hannuna. Garba ma ya gani, amma a karon nan bai yi tsokana ba.

Likitan ya ce jijiya iri-iri ce. Akwai ta jini, akwai mai jan gaɓa, akwai kuma mai kai labari daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ɓerayen an sa su barci an yanke musu irin ta ukun a cinya, kamar yadda inji ya yi mini. Ya ce jijiyar da aka yanke tana ƙoƙarin tsirowa ta koma inda take. Idan ba ta sami hanya ba sai tsiron ya cukurkuɗe ya zama ƙulli, irin wanda ya taɓa a hannuna.

Sai ya ɗauko rikoda da kaset. Ya ce suna da na'urar da ke mai da motsin jijiya ya zama sauti. Ya fara kunna na lafiyayyar jijiya. Shiru, sai can ka ji ƙas-ƙas-ƙas, sai shiru kuma. Ya ce, "Nan ne aka taɓa ƙafar. An daina taɓawa, ta daina magana." Ya juya kaset ɗin ya ce, "Wannan kuma daga ƙullin ne. Ba wanda yake taɓa komai."

Kamar ruwan sama a kan kwano. Ba tsayawa, ba numfashi. Ya ɗan lafa, ya sake ɓarkewa.

Na zauna a ƙasa ina saurare. Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane abin da ke cikin hannuna, an ce iska, an ce kuturta, an ce raina ne. Yau ga shi yana fitowa daga cikin rikoda, har Garba yana ji.

Likitan ya ce, "Ƙullin ne yake aika labari, ƙwaƙwalwa kuma ta san wannan hanyar daga yatsa take zuwa, sai ta ce yatsa ne ke ƙuna. Kuma muna zaton idan labarin ya daɗe yana zuwa, ita lakar ma takan canza, ta riƙa kururuta ƙaramin abu. Shi ya sa riga take yanka ka."

Garba ya ce, "Tsaya, likita. Wato kamar hon ne da wayarsa ta haɗe a cikin inji. Yana ta kuka, kai kuma ka tsaya kana fasa madannin da ke kan sitiyari."

Likitan ya ce, "Da zan same ka a ajina da na huta."

Daga nan ya kai mu keji na ƙarshe. Ya ce wannan ne yake so in gani. Ɓeran ciki ya ciccije yatsun ƙafar da ta mutu, wasu ma babu su. Kuma yana nan a dunƙule yana ci gaba da gaigayar abin da ya rage.

Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, ba a iya tambayar ɓera abin da yake ji, mu kanmu muna gardama a kai. Amma shi ya riga ya yi abin da kake shirin yi ranar Asabar. Dube shi, ya huta? Kuma na duba tsofaffin sojoji da aka yanke wa ƙafa tun lokacin yaƙi, har yau wasunsu suna kuka da yatsun da aka binne. Idan aka yanke naka, sabon yanka sabon ƙulli ne."

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na kasa haɗiyewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku gafarce ni. Waɗannan bayin Allah, ba za a tambaye ku hakkinsu ba?"

Garba ya taka mini ƙafa. Amma likitan bai ji haushi ba. Ya ce, "Za a tambaye ni. Shi ya sa ba na yi wa ko ɗaya sai yana barci, ba na yi wa fiye da yadda nake bukata, kuma wanda ya kai irin wannan hali ba na barinsa ya daɗe a ciki. Duk da haka ban ce na kuɓuta ba. Ka sa ni a addu'a."

Ya ce ba shi da maganin da zai kashe ciwon gaba ɗaya, ba kuma wanda yake da shi tukuna. Amma akwai ƙwayar da ake ba masu farfaɗiya, tana kwantar da jijiya mai yawan motsi. Na ce, "Farfaɗiya kuma? An gama ce mini kuturu, yanzu a ga wannan a aljihuna?" Garba ya ce, "Sai ka haɗa da hauka ka cika uku." Likitan ya haɗa ni da wani abokinsa a asibiti a Kano wanda zai riƙa duba ni yana daidaita maganin. Sannan ya ce in daina ɓoye hannun. In fara shafa shi da auduga, in ya saba in koma tsumma, in ya saba in riƙa tsoma shi a hatsi. Kuma tunda yatsun ba sa jin wuta, idona ne zai riƙa yi musu gadi.

Ranar Asabar na tashi da asuba na yi wanka, na sa riga, na kama hanyar kemis. Gaskiya sai da na je har ƙofar shagon, don wutar tana ci kamar kullum, kuma maganar likita magana ce kawai. Na hango gadon mai leda ta labule. Sai ɓeran nan ya faɗo mini a rai, yana gaigayar ƙafar da babu yatsu. Na ce wa mai kemis na fasa. Ya ce zan dawo da rarrafe. Na ce wataƙila, na juya.

Maganin ya sa ni jiri da farko, har na kusa dainawa. Audugar kuwa kuka nake ina shafawa. Amma a kamfanin abincin kaji hatsi ba ya wuya. Na ajiye ƙwarya cike da gero kusa da bututuna, duk sanda inji ya tsaya in tsoma hannu in motsa. Abokan aiki suka riƙa cewa Ɗan Faranshi yana wa gero tofi. A hankali, cikin watanni, wutar ta koma garwashi. Ba ta mutu ba. Har yau idan gari ya yi sanyi ko raina ya ɓaci takan tashi, kuma yatsun biyu sun zauna a lanƙwashe. Amma ina barci. Ina ɗinke bakin buhu da hannun, an ma ƙara mini matsayi. Da damina ta zagayo na je gida, na riƙe hauya na yi wa innata noma, ba da sauri ba, amma na kai ƙarshen kunya.

Likitan bai daɗe ba ya daina zuwa sayen abinci. Garba ya bi ta makarantar, aka ce ya tafi ƙasar waje ƙarin karatu, ɗakin ɓerayen ma an mai da shi sito. Abokinsa na asibiti shi ma an yi masa canjin wurin aiki.

Abin da ya sa na daure na rubuta duk wannan shi ne wani maƙwabcina, Isa, mai aiki a kamfanin saƙa. Bel ɗin inji ya kama masa ƙafa bara. Raunin ya warke, amma yatsun suna ci da wuta, ko zanen rufa ba ya iya ɗora musu. Da ya kwatanta mini, kamar ni nake magana. Ya riga ya sami wanda zai yanke masa, sun sa bayan ƙaramar salla. Na ba shi labarin ƙulli da kaset da keji na ƙarshe. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam Hamisu, ina ganin girmanka. Amma ƙafata ce ke ƙuna, kai kuma kana kawo mini shaidar ɓera."

Ni ma na taɓa faɗa wa Garba irin wannan maganar. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne, idan wani likita ko mai ilimin abin ya faɗa, zai dakata.

Saboda haka nake roƙon masu karatu. Idan akwai wanda ya san wani likita ɗan Barno, dogo, da ya taɓa kiwon fararen ɓeraye don binciken jijiya, a taimaka a gaya mini inda yake. Idan ba a san shi ba, duk likita ko ɗalibin da ya san inda aka kwana a wannan bincike, ko an sami magani da ya fi wanda aka ba ni, ko asibitin da ake duba irin wannan ciwo a ƙasar nan, ya sanar da ni ta hannun masu wannan jarida. Haka ma wanda aka taɓa yanke wa gaɓa saboda ƙuna, ya faɗa mana gaskiyar abin da ya biyo baya, ko da ya saɓa wa abin da na faɗa, zan kai wa Isa yadda yake.

Don Allah kada a yi jinkiri irin nawa. An riga an ga watan azumi.